Takardu Talatin da Na Cika da Hannuna

Shekarun baya can, lokacin da Naira ta fara lalacewa kayan gyaran inji suka yi tashin da ba mu taɓa gani ba, ina da shekara arba'in da 'yan kai, kuma ina shekarata ta biyu a ajin yaƙi da jahilci. Bayan la'asar muke shiga, a firamaren garinmu, mu zauna a kan bencin da 'ya'yanmu suka tashi a kai da rana. Ni ban yi saurin ganewa ba. Abin da wasu suka kama a wata uku, ni sai da na shekara ina fama. Amma da hannuna ya faɗa, sai abin ya zame mini kamar ciwo. Duk buhun da ya zo gabana sai na rubuta masa wani abu. Ƙyauren shago, bangon zaure, har murfin kwanon maiɗakina bai tsira ba. Takan ce, "Malam, in ka gama da kwanukan, ga akuya can a ɗaure, ita ma ba a rubuta mata komai ba."

A lokacin ina aiki da kamfaninmu na casar shinkafa. In na ce kamfani kada ku hango bene. Rumfar kwano ce a bakin hanyar Tiga, da inji ɗaya baƙi mai hayaƙi, da sito, da filin da mata ke shanya turararriyar shinkafa. Amma da rajistarsa, kuma mu talatin ne masu hannun jari. Yawancinmu manoman rani ne na ɓangaren Bebeji. Akwai 'yan kifi biyu daga Tiga, da wani malamin allo daga Ba'awa, da wani dattijon Bafulatani daga wajen Doguwa wanda ya sayar da bijimai ya shigo, da wata Hajiya daga Tudun Wada da ta gaji hannun jarin mijinta tana riƙon marayu da shi. Ni aikina bin kasuwanni, Kiru, Tudun Wada, Doguwa, ina sayo wa kamfani shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba.

Shekarar nan injinmu ya tsufa. Ya yi aiki kwana biyu, ya kwanta kwana uku. Dole a sayi sabo, kuma hanya uku ce a gabanmu: mu ci rancen banki, ko mu sayar da rabin kamfanin ga wani Alhaji na birni da ya daɗe yana zawarcinmu, ko kuma kowa ya ƙaro buhuna daga gonarsa har abin ya taru. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai mun zauna a rumfa mun yi musu har murya ta dishe. Sai dai muna da doka ɗaya tun kafuwar kamfanin: duk rigimar da za mu yi a cikin rumfa take ƙarewa. In baƙo ya tambaya, bakinmu ɗaya ne.

Ana cikin haka sai ga wani mutum a kan keke, da jakar leda cike da takardu a ɗaure a baya. Malamin firamare ne daga ƙasar Kiru, magidanci, da mata da 'ya'ya uku, ya samu izini ya koma jami'a yana karatun harkar kuɗi da kasuwanci. Yana shekarar ƙarshe. Ya ce kafin a ba mutum digiri sai ya yi bincike ya rubuta littafi, shi kuma nasa binciken a kan yadda ƙananan kamfanoni ke yanke shawarar inda za su samo kuɗi ne. Ya ji labarinmu, yana so kowane mai hannun jari ya cika masa takarda ɗaya. Tambayoyin ma ya juya su da Hausa.

Matsalar ita ce jarrabawa na jiransa a birni, mutanenmu kuma a warwatse suke a garuruwa biyar. Sakatarenmu, wani ma'aikacin hukumar ruwa, an yi masa canjin wurin aiki watan da ya wuce. Malam na Ba'awa gwani ne a ajami, amma boko bai dame shi ba. Sai ciyaman ɗinmu ya nuna ni da haɓa.

"Ga ɗan bokonmu nan. Shi ke zagaya kasuwanni, kowa yana ganinsa."

Ɗalibin ya ce, "Baba, kana iya rubutu?"

Na ɗauki takarda ɗaya, na karanta masa layin farko da ƙarfi, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wallahi a lokacin ji nake kamar an naɗa mini rawani. Ya yi murna, ya ƙirgo takardu talatin ya ba ni, ya haɗa mini da biro sabo fil.

"Kowa ka tambaye shi, ka rubuta masa abin da ya ce. Bayan mako biyu zan dawo."

Ranar ko abinci ban ci da kyau ba. Shekara biyu ina rubutu a buhu, yau ga rubutuna zai shiga jami'a!

Da Juma'a ta zo na kawo takardun zama. Na tsaya a tsakiyar rumfa na karanta babbar tambayar: idan kamfaninku na bukatar kuɗi, ina ka fi so a samo, banki, ko sabon mai zuba jari, ko aljihun masu kamfani, kuma me ya sa? Kafin in rufe baki wuri ya kaure, don ita ce dai rigimar da muke yi kullum. Ciyaman ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Wannan takarda ina za ta?"

"Jami'a, ranka ya daɗe."

"Daga jami'a fa?"

Na ce ban sani ba.

"To ka gani. In ta bar hannunka ba ka san teburin da za ta sauka ba. Gobe manajan banki ya gani. Jibi Alhajin birni ya gani, ya gane kanmu a rabe yake, ya riƙa binmu ɗaya-ɗaya har gida yana saye. A'a. Yaron nan baƙonmu ne, za mu taimake shi, amma amsa ɗaya za mu ba shi, mai kyau, wadda ba zai ji kunyar nuna wa malamansa ba."

Kowa ya ga hikimar maganar, har da ni. A ganinmu karamci ne. Wa zai ba baƙo amsa a hargitse? Dattijon Bafulatani ne kawai ya ce, "To ni in amsa ɗaya ce, me ya sa ya kawo takarda talatin?" Aka yi dariya, wani ya ce masa ai 'yan boko haka suke, ɓarnar takarda ba ta dame su ba. Muka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya muna tsayar da amsa. Ta babbar tambayar kuwa ciyaman da kansa ya tsara ta: mun fi so mu tara daga cikinmu, saboda haɗin kai da rufin asiri.

Kwana tara na yi ina kwafa. Da na idar da sallar asuba gari ya yi haske sai in shimfiɗa tabarma a zaure, in ɗora takarda a kan faranti, in bi a hankali. Ban goge ko harafi ɗaya ba. Takarda ta talatin ta fito daidai da ta farko kamar injin buga littafi ne ya yi su. Na jera su na kira maiɗakina ta gani. Ta ce, "Kai, Malam, duk iri ɗaya!" Na ce, "Ai gwanintar kenan."

Ɗalibin ya dawo a gurguje, mota na jiransa a bakin titi. Ya karɓi takardun a cikin ambulan, ya yi ta godiya, ya tafi.

Wata biyu ban ji ɗuriyarsa ba. Ran nan da hantsi ina awon shanshera a gaban sito sai na ga mutum tsaye a kaina. Da ƙyar na gane ɗalibin nan ne. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka gaisa, na ba shi buhu ya zauna.

"Baba, kora ta za a yi."

Na saki kwanon awo.

Ya ce da ya duba takardun ya ga amsa iri ɗaya, abin ya ɗan daure masa kai, amma lokaci ya ƙure, sai ya ɗauka haka ra'ayinmu yake. Ya rubuta a littafinsa cewa duk masu hannun jari talatin sun ƙi banki. Malamin da ke duba aikinsa ya ce ya kawo takardun ya gani da idonsa. Da ya baza su a tebur sai ga hannu ɗaya, biro ɗaya, magana ɗaya. Nan take ya ce ɗalibin ne ya zauna a ɗakinsa ya ƙirƙiro su. A jami'a kuwa wannan babban laifi ne, daidai da satar jarrabawa.

"Ba ka ce masa ni na rubuta ba?"

"Na faɗa. Ya ce duk shekara sai ya ji labarin wani dattijo a ƙauye, amma bai taɓa ganin dattijon ba." Ya share fuska da hularsa. "Ranar Talata kwamiti zai zauna. Shekara biyar, Baba, har da wadda yajin aiki ya ci. In aka kore ni, da wane ido zan koma makarantar da nake koyarwa?"

Na ce, "To za su ga dattijon. Talata ina tare da kai."

Na je na sami ciyaman. Ya yi salati, ya tausaya, ya ce lallai in tafi, kamfani ma zai biya mini mota. Amma da na miƙe sai ya riƙe mini hannun riga.

"Ka ce musu kai ka rubuta. Iyakarta kenan. Kada ka je ka buɗe mana ciki a gaban mutanen birni."

Na ce to.

Gaskiya zan faɗa, duk da tausayin bawan Allahn nan, wani ɓangare na zuciyata rawa yake yi. Jami'a! Ni da ko firamare ban shiga ba sai da furfura. Na sa aka wanke babbar rigata ta sallah, aka buga ta. Na je aji na faɗa wa malaminmu, ya sa 'yan aji suka tafa mini, ban dai yi musu bayanin abin da zai kai ni ba. Maiɗakina ta ƙulle mini dakkuwa da soyayyen kifi ta ce, "In sun ba ka digirin ka karɓo mini ko rabi ne."

Talata da sassafe muka shiga mota a Bebeji. Hantsi bai gama ɗagawa ba muka sauka a ƙofar jami'a. Ni da na zaci makaranta ce babba, sai na tarar da gari guda. Tituna, itatuwa, masallaci, har da kasuwa. Samari da 'yan mata suna ta sauri da littattafai a ƙirji, ba mai kallon wani. A jikin wani bango an liƙa takardu, ɗalibai sun yi cincirindo suna leƙe, wani ya daka tsalle, wani ya juyo ya dafe kai. Na tsaya zan karanta, ɗalibin ya ja ni ya ce sakamakon jarrabawa ne, ba namu ba ne.

Da yake sai ƙarfe sha ɗaya za a zauna, ya kai ni ɗakin kwanansu. Ɗakin mutum huɗu ne, su tara ke ciki. Katifu a jingine da bango, risho a ƙarƙashin gado, igiyar shanya ta ratsa ta kan kowa. Da suka ji ni ne dattijon, sai ɗakin ya ɗauki ihu.

"Wallahi akwai shi! Ku zo ku ga Baba, da ransa!"

Wani dogo ya taɓa kafaɗata ya ce wai yana so ya tabbatar ba aljani ba ne. Suka dafa shinkafa da wake a tukunya ɗaya, na kwance ƙullin kifina, kafin in ce bismillah ta biyu ya ƙare. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, in an tambaye ka kada ka yi dogon bayani. Malaman nan albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata, a fusace suke." Wani ya ce, "Ƙarya yake, Baba, ka yi ta zuba, in suka gaji za su sallame ku." Shi dai mutumina ko loma uku bai yi ba.

Ofishin da aka kai mu ƙarami ne, takardu jibge har saman kabad, fanka tana juyawa tana ƙara. Mutum uku ne a bayan tebur. A tsakiya wata mace ce mai tabarau da farin mayafi, ita ce shugabar kwamitin, Dakta suke ce mata. A damanta malamin da ya kawo ƙarar, siriri, fuska ba wasa. Na hagun wani mai ƙiba ne, kansa a sunkuye yana ta rubutu. Na cire takalmi a bakin ƙofa na durƙusa na gaishe su. Dakta ta ce, "Haba Baba, tashi ka hau kujera, ka sa takalminka." Ashe Bahaushiya ce sosai.

Siririn malamin ya turo mini farar takarda da biro. Ya ɗauki ɗaya daga cikin takardun nan talatin yana karantawa, ya ce in rubuta. Na sunkuya na rubuta. Da na gama suka haɗa kai suna gwadawa. Dakta ta gyaɗa kai. Na kalli ɗalibin na yi masa murmushi, a raina na ce shi kenan, an gama.

Siririn malamin ya ajiye takardar.

"Na yarda rubutunka ne. Amma wannan bai wanke shi ba. Malam, mutum talatin ba sa faɗin magana ɗaya kalma da kalma. Ko 'yan uwa ciki ɗaya ba sa yi. Ke nan shi ya tsara amsar, ya ba ka ka kwafa don hannun ya bambanta da nasa. Wannan ma ya fi muni."

Na dubi ɗalibin. Ya sunkuyar da kai, hannayensa biyu a tsakanin gwiwoyi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Na tuna ciyaman da hannun rigata. Na kuma tuna cewa mutumin nan bai yi mana komai ba sai yarda da ya yi da mu. In na yi shiru, dokar rumfa ta tsira, shi kuma ya tafi gida da jakarsa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni izini in yi magana. Amma doguwa ce."

Ta ce, "Bismillah."

Na faɗa musu komai. Zaman Juma'a, dokar baki ɗaya, tsoron kada takarda ta faɗa hannun Alhajin birni, da kwana taran da na yi a zaure ina kwafa ina jin daɗi. Siririn ya ce in haka ne, in faɗi ainihin ra'ayin mutanen, tunda na ce a rabe suke. Wato yana so ya kama ni. Bai san shekara guda na yi ina jin wannan musu duk mako ba.

Na ce 'yan kifi banki suke so. Hujjarsu, kuɗin inji kullum hawa yake, abin da za mu yi asara muna jiran buhuna su taru ya fi kuɗin ruwan da banki zai ɗora. Malam na Ba'awa kuwa ya rantse ranar da kuɗin ruwa ya shigo kamfani ranar zai fita, kuma in ya fita mutum bakwai za su bi shi, don a gabansa suka yi karatu. Ban da haka banki na neman takardar fili a matsayin jingina, mu kuma filinmu dagaci ne ya nuna mana da sanda, ba takarda. Sannan banki duk wata yake so a kai masa, alhali injinmu da damina barci yake yi, sai kaka da girbin rani yake aiki.

Dakta ta jawo littafinta. "Alhajin fa?"

Na ce Hajiya ta Tudun Wada shi take so, don ya ce cikin mako guda zai dire sabon inji, ga motocinsa za su kai shinkafarmu birni, ita kuma marayu ba za su jira shekara biyu ba. Amma in ya riƙe rabi, muryarsa ɗaya ta yi daidai da ta mu talatin. Ciyaman ya san kujerarsa ce za ta fara tafiya, ko da yake bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Matan da ke turara mana shinkafa su ma sun aiko mazansu su ƙi, don Alhaji na da nasa masu turarawar. Dattijon Bafulatani shi ya fi son kowa ya ƙaro nasa, ya ce ya gwammace ya sayar da saniya ya yi barci da ya riƙe ta da kayan wani a wuyansa. To amma shi yana da shanun. Ƙaramin manomi da ba zai iya ƙaro buhu biyar ba, hannun jarinsa zai ƙanƙance a cikin na manya, shi ya sa ƙananan suke gunaguni a bayan rumfa.

Ban san na miƙe tsaye ba sai da na ga ina nuna bango da hannu kamar injin yana wurin. Siririn malamin ya fara jefo tambayoyi, amma yanzu muryarsa ta canza. Wa ke da rinjaye in an zo yanke shawara, mai buhu da yawa ko mai shekaru? Mun taɓa raba riba ko mayar da ita muke yi? Ina amsawa, shi da Dakta suna juyawa Turanci suna musu da juna, su dawo kaina. Na hagun nan kuwa bai daina rubutu ba, na ce a raina lallai maganata ta shige shi. Sai daga baya na leƙa na ga ashe takardun jarrabawar ɗalibai yake dubawa yana sa musu maki.

Can Dakta ta cire tabarau ta ce, "To kai fa, Baba? Duk ka faɗi na kowa. Kai me kake so?"

Shekara guda ana wannan rigima, ba wanda ya taɓa tambayata ni kaɗai.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ni banki nake so. Amma don Allah kada Malam na Ba'awa ya ji."

Dariya ta ƙwace mata. Har siririn sai da ya rufe baki da hannu.

Aka ce mu fita mu jira. Muka tsaya a baranda, 'yan ɗakinsu sun zo sun yi layi a jikin bango. Ba a daɗe ba aka kira mu. Dakta ta ce kwamiti ya gamsu ɗalibin bai ƙirƙiri komai ba, don haka ba maganar kora. Amma ya yi sakaci. Mai bincike ba ya barin takardunsa a hannun wani ya tafi, kuma da ya ga amsa iri ɗaya ya kamata ya koma ya tambaya. An ba shi mako uku ya sake aikin, da ƙafarsa, kowa shi kaɗai. Siririn malamin ya ƙara da cewa shi ma zai zo rana ɗaya ya ga wannan rumfa da idonsa.

Muna fitowa ɗalibin ya durƙushe a baranda ya yi sujada. Abokansa suka ɗaga ni sama da babbar rigata, ina ta cewa ku sauke ni, ku sauke ni, amma a raina ban so su yi saurin saukewa ba.

Sauran aiki shi ne ciyaman. Washegari na same shi na faɗa masa ban tsaya inda ya ce in tsaya ba. Ya dube ni ya ce:

"Har maganar kujerata?"

"Har ita, ranka ya daɗe."

Kwana huɗu ba ya amsa gaisuwata sai da ka. Na yi haƙuri, kullum sai na je na gaishe shi. A rana ta biyar na ce masa malamin jami'a da kansa zai zo ganin kamfani ranar Asabar. Ya ce, "Da mota?" Na ce da mota. Ranar Asabar tun hantsi ga ciyaman a rumfa da rigar da ko a ɗaurin auren 'yarsa bai sa ba, ya sa an share fili an yayyafa ruwa. Motar malamin tsohuwa ce, sai da muka tura ta kafin ta tashi da zai koma, amma wannan bai rage mata daraja a idonmu ba.

Aka ajiye benci a gindin mangwaro nesa da rumfa, ana kiran mutane ɗaya-ɗaya. Waɗanda ba su zo ba, ɗalibin ya bi su da kekensa har Doguwa. Abin mamaki, mutanen da suka ce bakinsu ɗaya, kowa ya zauna a bencin nan sai an ce masa ya isa haka. Hajiya ta yi kusan awa guda. Ciyaman da ya hana a buɗe ciki, shi ya fi kowa daɗewa, har ana jiyo muryarsa daga sito.

Ɗalibin ya gama a kan lokaci, ya ci, kuma da sakamako mai kyau. Ranar da ya zo faɗa mini, tun daga titi yake buga ƙararrawar keke yana ɗaga hannu, har ya kusa faɗawa cikin shanyar mata. Injin kuwa daga baya muka saya da buhunanmu, bayan kaka biyu, aka sassauta wa ƙanana suka biya nasu da aikin ƙarfi a sito.

Abin da ya zauna mini a rai shi ne, na ɗauka iya rubutu shi ne harafi ya fito da kyau. Ban san cewa in ka riƙe wa wani biro, bakinsa ka riƙe ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo in rubuta masa wasiƙa, abin da ya faɗa nake sawa, ko da na ga nawa tsarin ya fi daɗi, sannan in karanta masa ya ji da kunnensa kafin in ninke. Wasu har ƙorafi suke wai na cika jan lokaci.

Har yau kuma in mota ta bi da ni ta ƙofar jami'ar nan, sai na taɓa na kusa da ni na ce masa, "Ka ga can ciki? Na taɓa tsayawa na yi wa malamansu bayani, suna rubutawa." Yakan dube ni da girmamawa. Ba na gaya masa ɓarnar da na yi ce ta kai ni.